Salsala da Matan da Ba Ta Ambata

Duk gidan da ke ji da asalinsa a ƙasar Hausa yana da mai jero sunaye. Galibi dattijo ne, ko wani malami cikin dangi da ke ajiye da 'yar takarda a gafaka: wane ɗan wane ɗan wane, har a kai ga wanda ya fara sauka garin, daga Barno ko Malle ko Agadas. Wannan salsala tana da aikinta. Da ita ake neman sarauta, da ita limanci ke zama a gida ɗaya, da ita ake amsa binciken da iyayen yarinya kan yi kafin su karɓi kuɗin gaisuwa. Sai dai wanda ya tashi neman kakansa guda ɗaya, yana son ya san yadda ya rayu, wa ya aura, ina ya yi ƙaura, 'ya'ya nawa suka rayu nawa suka koma, zai tarar salsala ba ta da amsar ko ɗaya daga cikin waɗannan. Sunan uba take riƙewa ta miƙa wa ɗa, ta wuce.

Gidan da ya fi dacewa a gwada wannan magana a kansa shi ne gidan Shehu Usmanu ɗan Fodiyo, domin a ƙasar nan babu gidan da aka rubuta labarinsa kamarsa. Idan salsala ta gaza a nan, to ba sai an faɗi yadda za ta yi a wani wuri ba.

An haifi Shehu a Maratta cikin 1754, ya rasu a Sakkwato cikin 1817. Salsalarsa ta bi ta kan mahaifinsa Muhammadu Fodiyo ta hau har zuwa Musa Jakollo, wanda ya jagoranci jama'arsa ta Toronkawa daga Futa Toro. Daga nan sama sai ruwayoyi su rabu. Ana danganta asalin da Ukuba, amma wata ruwaya ta ce ɗan Nafi'u ne, wata ta ce ɗan Amiru, wata ɗan Yasiru. Wannan saɓani ba abin kunya ba ne, haka salsala take a ko'ina: ƙasanta tuni ne na waɗanda aka gani ko aka ji daga bakin wanda ya gani, samanta kuwa bayani ne na inda mutane ke ganin sun dace su jingina kansu. Labarin Bayajida da zuwansa Daura daga Bagadaza irin wannan aiki yake yi wa sarakunan Hausa Bakwai. Mai bincike na ƙwarai yana girmama saman salsala, amma ba ya gina komai a kansa.

Yanzu a sauko kusa. Wazirin Sakkwato Junaidu, wanda aka haifa a 1906 ya rasu a 1997, salsalarsa a bayyane take: Junaidu ɗan Waziri Buhari ɗan Ahmadu ɗan Waziri Giɗaɗo ɗan Laima. Sunaye huɗun farko sun haɗa ƙarni na ashirin da zamanin jihadi. Amma wannan jeri bai ambaci mahaifiyar Ahmadu ba, wato Nana Asma'u 'yar Shehu. Ta wurinta ne jinin Shehu ya shiga gidan waziri, kuma ba za a fahimci yadda wazirci ya zauna daram a gidan nan tsawon ƙarni biyu ba sai an san da wannan aure. Abin da ya fi komai bayyana matsayin gidan shi ne abin da salsalar ta tsallake.

To ta yaya aka san rayuwar Asma'u har aka iya rubuta ta dalla-dalla? An san an haife ta a Ɗegel wajen 1793, tagwaye ne ita da Hassan, mahaifiyarsu Maimuna. Tana yarinya aka yi hijira zuwa Gudu a 1804. Ta auri Giɗaɗo, aminin yayanta Muhammadu Bello, ta haifa masa 'ya'ya maza, cikinsu har da Abdulƙadir wanda ya gaji wazirci. Ta ga rasuwar Shehu, ta ga ta Bello a Wurno cikin 1837, ta ga ta mijinta, ita kuma ta cika wajen 1864. Ba a takarda ɗaya aka samu wannan ba. An tsinto shi ne daga littafin Giɗaɗo mai suna Raudul Jinan, inda ya kawo karamomin Shehu tare da sunayen mutanen da ke kewaye da shi. Daga abin da Bature Clapperton ya rubuta kan Giɗaɗo lokacin da ya zo Sakkwato a 1824 da kuma dawowarsa da ta ƙare da mutuwarsa a can cikin 1827. Daga bakin zuriyarta. Sama da duka kuma daga waƙoƙinta na Larabci da Fulatanci da Hausa, waɗanda aka adana a gidan waziri. Daga wannan taska Baturiya Jean Boyd ta fitar da tarihin rayuwarta a 1989, sannan ita da Beverly Mack suka tattara ayyukanta a 1997.

Marsiyyoyinta sun cancanci a tsaya a kansu. Al'adar malaman wancan zamani ce su rufe waƙa da ramzi: a baitin ƙarshe a sa wata kalma wadda idan aka lissafa haruffanta bisa hisabi, kowane harafi da adadinsa, sai ta ba da shekarar hijira da aka yi waƙar. Mai karatu yana ganin baiti ne kawai na rufewa, alhali kwanan wata ne a ɓoye. Ke nan duk marsiyyar da Asma'u ta yi wa wani ta zama shaidar lokacin rasuwarsa, tare da bayanin halinsa daga bakin wadda ta zauna da shi. Ta yi wa Bello, ta yi wa Giɗaɗo, ta yi wa aminiyarta A'isha. Abin da ya fi taɓa ni shi ne ta yi wa matan da ba 'ya'yan kowa ba: maƙwabciyarta Halima, da Zaharatu mai taimakon mata wajen haihuwa da wankan gawa, da Hauwa'u, ɗaya daga cikin jajin da ke jagorantar 'yan taru, matan da ke zuwa karatu wurinta daga ƙauyuka. Babu salsalar da za ta taɓa ɗaukar sunan waɗannan bayin Allah. Mace ce ta rubuta su, shi ya sa muka san sun rayu.

Ba a ce marubutan dā duka sun yi watsi da iyaye mata ba. Tarihin sarakunan Kano, wanda Bature Palmer ya fassara ya buga a 1908, kusan kowane sarki ya zo sai ya faɗi sunan mahaifiyarsa, har ya tsaya kan Auwa, mahaifiyar Sarki Abdullahi ɗan Rumfa, ya nuna irin ƙarfin faɗa-a-jinta. Dalilin a fili yake ga duk wanda ya tashi a gidan yawa. Inda uba ɗaya ne 'ya'ya kuma da dama, ɗaki ne ke bambanta su. Wanda ya san ɗakin da sarki ya fito ya san waɗanda suka tsaya masa da waɗanda suka yi masa adawa. Marubucin ya gane cewa siyasar gida ba ta karantuwa sai da sunan uwa.

Wannan duka gidajen sarauta ne da na malanta. Talaka fa? Baba ta Karo, wadda aka haifa wajen 1877, ta ba Baturiya Mary Smith labarin rayuwarta a Giwa ta ƙasar Zazzau tsakanin 1949 da 1950, aka buga a 1954. Ta yi aure huɗu, na fari auren zumunci ne, ba ta haihu ba, sai 'ya'yan riƙo. A ma'aunin salsala, mace irin wannan ba ta bar komai ba. Amma daga bakinta aka ji kakanninta Barebari, da rinjinsu, da bayin gidan da yadda aka zauna da su, da wanda mahara suka kama aka fanso, da wace gwaggo ta auri wa, ta fita, ta koma. Ilmin auratayya na dangi duka a kanta yake, kuma ba ita kaɗai ba ce: a mafi yawan gidajenmu tsofaffin mata ne ke riƙe da wannan fanni, don su ne suka yi gayyar biki, suka raka amare, suka zauna zaman jego, suka san wanda ya sha nonon wa.

Sai dai karɓar wannan ilmi yana son dabara. Ka zauna gaban tsohuwa ka ce, "Iya, mene ne sunan maigidanki na fari?" Za ta kawar da kai ta ce, "Malam mana." Ka matsa, ta ce, "Mai sunan yaron nan na gidan Alhaji." Alkunya ba ta barin ta kama sunan miji, ko na ɗan fari, ko na suruki, ko da sun shekara hamsin a ƙasa. Sai an turo jika, wanda wasan da ke tsakaninsu ya ba shi damar tsokana, shi ya yi ta jero sunaye har ta ce, "Ka faɗa." Shekara ma ba da lamba take ba da ita ba. Za ta ce an yi aurenta bayan zuwan Sarauniya da damina biyu, ko an haifi babanta shekarar Kakalaba. Aikin mai bincike ne ya san Sarauniyar Ingila ta zo a 1956, yunwar Kakalaba ta 1913 zuwa 1914 ce, Turawa sun ci Kano a 1903, jirgin ƙasa ya iso ta a 1911.

Sunaye su ma suna ɓatar da sawu. Mutum ɗaya yana da sunan yanka, da sunan rana, da laƙabin da kakarsa ta sa masa don an yi masa takwara da mijinta. Muhammadu uku a jere cikin gida ɗaya kan narke su zama mutum ɗaya a bakin jikoki. Ba mu da sunan dangi mai bin zuriya, kuma da makarantar boko ta buƙaci suna na biyu sai aka liƙa wa yara sunan garinsu, shi ya sa muke da Aminu Kano da Shehu Shagari da Sa'adu Zungur. Dokar da ta tilasta rajistar haihuwa da mutuwa a Nijeriya duka ta 1992 ce, aurenmu kuwa shaidu ne da goro da fatiha, ba takarda ba.

Duk da haka takardu suna nan ga mai haƙuri. Akwai bangon Alƙur'ani da gefen littattafan fiƙihu, inda malamai kan rubuta ranar haihuwar 'ya'yansu. Akwai littattafan kotunan alƙali, kuma a ganina babu abin da ya kai shari'ar rabon gado amfani, domin ita ce wuri ɗaya da dole a ambaci kowa: matan mamaci da suka raba tumuni, 'ya'ya mata da rabin rabon maza, uwa idan tana raye. Abin da salsala ta zubar, ilmin gado ba ya yarda a zubar da shi, don haƙƙi ne. Akwai rahotannin kimanta haraji na gundumomi a ma'ajiyar tarihi ta ƙasa da ke Kaduna, da abin da ke Gidan Arewa, da hukumomin tarihi na Sakkwato da Kano.

Yau an shiga yayin taron zumunci, ana buga bishiyar dangi a babbar takarda ana rabawa, ana turawa a WhatsApp. Abu ne mai kyau, kuma hujjar da ake kafawa gaskiya ce, cewa sanin nasaba hanyar sada zumunci ce. Amma zumunci bai tsaya ga dangin uba ba, ga shi kuwa yawancin waɗannan takardu sun fi ba da ƙarfi wajen miƙa asali zuwa Makka ko Yamal fiye da gano sunan kakar da ta haifi rabin mutanen da ke zaune a wurin taron. Wani lokaci mantuwa ce. Wani lokaci kuwa da gangan ne, don kakar ƙwarƙwara ce ko baiwa da aka kamo daga kudancin Zazzau ko Adamawa, ana ganin ambatonta zai rage wa gida daraja. Isa ɗan Shehu, wanda ya mayar da waƙoƙin Asma'u Hausa, da 'yar'uwarsa Maryamu, wadda ta auri Sarkin Kano Ibrahim Dabo, mahaifiyarsu Mariya kuyanga ce, kuma gidan Shehu bai ɓoye sunanta ba.

Irin waɗannan mata su ma sun bar sawu a rubuce. Bayan Turawa sun shelanta cewa duk wanda aka haifa daga Afrilun 1901 ɗa ne, kafin a soke bauta gaba ɗaya a 1936, larduna sun riƙa ajiye rajistar bayin da aka 'yanta: suna, kimanin shekaru, ƙabila, yadda aka 'yanta, da inda mutum ya nufa. Da waɗannan takardu na Kaduna masana tarihi Lovejoy da Hogendorn suka yi aiki a littafinsu na 1993 kan bauta. Mata suna da yawa a ciki, kuma da dama an rubuta cewa wani ne ya biya fansarsu ya kai su gidansa. Ga iyalai masu yawa a Kano da Zariya da Sakkwato, wannan layi ɗaya na magatakarda shi ne kaɗai wurin da aka taɓa rubuta sunan kakarsu da garin da aka rabo ta da shi.