Takunkumi ko Amawali?

A farkon watan Maris na 2020 na sauka Kartum domin wani ɗan gajeren kwas na masu koyar da ajin baftisma, da niyyar in yi mako uku in komo gida. Ran 13 ga wata gwamnatin Sudan ta sanar da mutum na farko da cutar korona ta kama, shi kuwa ya riga ya rasu kwana ɗaya kafin sanarwar. Ran 16 aka rufe filin jirgin sama da kan iyaka. Haka mako uku ya zama wata biyar, ina zaune a gidan wani dattijon ikilisiya a Omdurman, ƙetaren Farin Nilu. Abin da zan faɗa a kan takunkumin fuska a can na gan shi, amma mai karatu zai ga kusan duk ya shafe mu a nan gida.

Tun da fari bari in share wata shakka. Ban ce takunkumi aikin banza ne ba. Cutar tana bin numfashi da tsartuwar yawu, ƙyalle a baki da hanci kuwa yana rage abin da mutum yake fesa wa na kusa da shi. Sukar da nake yi ta shafi yadda aka kawo mana abin, da yadda mu kuma muka riƙe shi.

Mu fara da sunan. Wanda ya tashi a ƙauye ya san takunkumi. Shi ne abin da ake ɗaura wa jaki ko raƙumi a baki don kada ya yi ɓarna a gonar mutane. Da na tambayi mai masaukina sunan abin da Larabci, ya ce kammama, kuma ya yi dariya ya ce a wurinsu ma asalinta ta bakin dabba ce. To, ka ce wa dattijo mai jikoki ya sa takunkumi, sa'an nan ka yi mamaki don ya saukar da shi ƙarƙashin haɓa? Alhali muna da amawali. Sarki yakan ja amawali ya rufe baki, ba wanda ya ce an ƙasƙantar da shi, girma ma ake gani. Buzu yakan rufe fuska sai ido. Matan Sudan kuma sukan ja gefen mayafinsu, wanda suke kira tob, su rufe hanci in guguwar ƙura ta habub ta taso. Wato rufe baki ba baƙon abu ba ne a ƙasashen nan biyu. Masu shela a rediyo suka tsallake wannan duka, suka ɗauko sunan jaki. A ganina tun daga nan aka yi asarar rabin aikin.

Na biyu, maganar manya ba ta tsaya wuri ɗaya ba. A watan Afrilu na 2020 Hukumar Lafiya ta Duniya ba ta ce mai lafiya ya sa takunkumi a cikin jama'a ba. Sai ran 5 ga Yuni ta sāke shawara, ta ce a sa na ƙyalle inda ake cunkoso. Ba laifi ba ne mutum ya sāke magana in ya sami ƙarin sani, mu ma malamai mukan yi haka. Laifin shi ne ba a zauna an bayyana wa talaka dalili ba. A cikin Sudan ma kan shugabanni bai haɗu ba. Kwana biyu kafin a rufe Kartum ran 18 ga Afrilu, Firayim Minista Abdalla Hamdok ya sauke gwamnan jihar, wani janar na soja, saboda ya ƙi hana taruwa a masallatai da majami'u. Talaka yana kallon wannan duka yana tsaye a layin burodi tun asuba, kafaɗa da kafaɗa, domin a shekarar nan burodi da man fetur da iskar gas duk sai da layi.

Amma akwai wani daɗi a cikin takunkumi wanda ba a cika faɗa ba, ni kuwa na ɗanɗana shi. Baƙo a garin da ba a jin harshensa kullum ido yana kansa. Da na rufe fuska na shiga kasuwar Omdurman, sai na zama ɗaya daga cikin taro, ba mai waiwaya ta. A kasuwar na gamu da Hausawan Sudan, waɗanda kakannin wasunsu suka taso daga ƙasarmu bayan yaƙin Burmi na 1903, suka zauna a Mai Wurno a bakin Shuɗin Nilu, wasu kuma hanyar aikin hajji ce ta ajiye su. Wani mai sayar da tsire, wanda a can ake kira agashe, ya gaya mini da Hausarsa mai gauraye da Larabci cewa shi takunkumi ya yi masa rana, gama ba a gane Bafallace kafin ya buɗe baki. Fallata shi ne sunan da ake haɗa su duka a ciki, sau da yawa kuwa da reni ake faɗarsa. Na lura kuma ƙyallen yana rufe tsagen kumatu na tsofaffin mutanen arewacin Sudan, amma ba ya kai ga zanen goshi na Nuwer da Dinka, mutanen kudu, waɗanda a lokacin suke da yawa a cikin masu bi na birnin. Ko a ɓoyon fuska ma ba a yi rabo daidai ba.

Akwai gwauruwa a unguwarmu wadda ta ce takunkumi ya ba ta damar fita ba tare da kowa ya ga bakinta yana rawa ba. Akwai kuma, kada in ɓoye, wanda ake bi bashi, ya wuce ta gaban kantin mai bashin hankali kwance. Wannan sauƙi na gaske ne, ba na rena shi. Sai dai ina tambaya, wace irin zama muke yi da har mutum zai ji sanyi a rai don an ba shi izinin ɓoye fuskarsa ga maƙwabci? Ciwon yana nan tun kafin korona. A watan Yuli na 2022, da aka kashe Hausawa da yawa a rikicin jihar Shuɗin Nilu har 'yan'uwansu suka fita zanga-zanga a Kartum, na tuna da mai tsiren nan.

Wahalarsa kuwa ba ta ɓuya. A watan Mayu zafin Kartum yakan haura digiri 40, ƙyalle ya jiƙe sharkaf kafin hantsi. Mutumin Sudan in zai gaishe ka sai ya dafa kafaɗarka, ya kama hannunka, ya yi ta jero tambayar gida yana murmushi. An hana dafawa, an hana musafaha, murmushin da ya rage kuma ƙyalle ya cinye. Amma abin da ya fi tsaya mini a rai wata tsohuwa ce a cikin 'yan mutanen da muke karatu tare a tsakar gida bayan an rufe majami'u. Shekara da shekaru tana amsa tambayoyi daidai, ba wanda ya san kunnenta ya mutu, ashe leɓen malami take karantawa. Ranar da muka rufe baki, ranar ta zama kurma a gaban kowa. Ta zo sau biyu, ba ta ƙara zuwa ba. Ba wata shela da na ji ta ambaci irin wannan tsohuwa. Mu ma da muke kiran kanmu makiyaya sai da muka yi mako uku kafin muka gane, muka koma zama nesa da ita a fili, baki buɗe.

Sai maganar kuɗi. A 2020 tsadar kaya a Sudan ta ninka, kafin ƙarshen shekara hauhawar farashi ta wuce 200 cikin 100. Takunkumin kantin magani na yini ɗaya ne, amma na ga wanda aka sa mako guda har ya yi baƙi, na ga kuma guda ɗaya yana zagaya mutum uku a ƙofar wani ofis, wanda ya fito ya miƙa wa mai shiga. A nan abin ya tashi daga kariya ya zama tikitin ƙofa. Ni ma na faɗa cikin wannan. Wani saurayi ya zo karatu baki buɗe, na tsawata masa a gaban mutane, ya juya ya tafi. Daga baya na ji kwana biyu ke nan gidansu ba a ɗora tukunya ba. Matar mai masaukina ba ta ce mini kome ba. Ta ɗauko wani tsohon tob nata ta yayyanka, ta zauna a keken ɗinki, kashegari ta ajiye guda ashirin a faranti a bakin ƙofa. Abin da ya kamata katikis ya yi tunaninsa tun farko ke nan.

Akwai kuma tsoron tsangwama. A makonnin farko wanda ya sa takunkumi shi ake zargi da ciwo. Mai karanta Littafi Mai Tsarki zai tuna cewa a Littafin Firistoci sura 13 an umarci kuturu ya rufe leɓensa na sama, ya zauna a bayan zango. Tunanin nan, cewa mai rufe baki shi ne marar tsarki, bai mutu ba. Saboda shi mutane suka ɓoye masu ciwo a ɗaka, in an yi rasuwa a ce zazzaɓi ne ko ciwon sukari. Masu bincike na Kwalejin Imperial ta Landan sun ƙiyasta a watan Disamba na 2020 cewa kashi 2 cikin 100 kaɗai na waɗanda korona ta kashe a Kartum aka rubuta, wajen mutum 16,000 sun tafi ba a lissafa su ba. Wani gwajin jini da aka yi a Omdurman a 2021 ya nuna fiye da rabin mutanen garin cutar ta riga ta taɓa su. Ran 26 ga Nuwamba 2020 ta ɗauke Sadiƙ al-Mahdi, wanda ya yi firayim minista sau biyu, yana da shekara 84. Na riga na komo gida a lokacin, a talabijin na ga taron jana'izarsa a ƙubbar Mahadi, dubban mutane a matse, wasu da takunkumi a hanci, wasu a haɓa, wasu a hannu.

Ran 15 ga Afrilu 2023 yaƙi ya ɓarke a Kartum tsakanin sojan ƙasa da dakarun RSF. Mai masaukina da iyalinsa suka gudu, suka bar keken ɗinkin nan a ɗaki. Da na same shi ta waya bayan wata huɗu, ya ce mini a kan hanya duk wanda ya tare su fuskarsa a rufe take da rawani, ido kaɗai ake gani, har jikarsa ƙarama takan fashe da kuka in ta ga mai rufe baki, ko da ma'aikacin asibiti ne. Ɗaya daga cikin ƙyallayen da matarsa ta ɗinka yana nan a akwatin da nake ajiye littattafan aji, shuɗi mai ɗigon fari, igiyar gefe ɗaya ta tsinke.