Kujerar Tsumma da Kujerar Rodi: Nazarin Kayan Ɗaki na Tarkace

Tun farkon shekarun 1990 wasu masu zayyanar kayan ɗaki na ƙasar Holand suka mayar da sarrafa tarkace tafarkin fasaha. A 1990 Piet Hein Eek ya kammala karatunsa a makarantar zayyana ta Eindhoven da wani kabad da ya harhaɗa daga gutsattsarin tsohon katako, kowane da ragowar fentinsa, a 1991 kuma Tejo Remy ya jera tsummokara, ya ɗaure su tamau da ɗamarar ƙarfe, suka zama kujera. Ƙungiyar Droog ta baje irin waɗannan ayyuka a Milan a 1993, kuma ginshiƙinsu shi ne a bar tabon tsufa a fili, domin mai kallo ya tuna da yawan abin da Turai ke zubarwa.

Wannan sana'a ba baƙuwa ba ce a arewacin Benin, sai dai manufarta daban. Misali, Tumbutu (ta jihar Alibori, ba ta Mali ba) gunduma ce a ƙaramar hukumar Malanbil, garin da babbar kasuwarsa ke kusa da gadar da ta ƙetara kogin Kwara zuwa Gaya ta Nijar, kuma hanyar manyan motocin da suka daɗe suna jigila tsakanin Kwatano da Nijar ta wadata yankin da tsofaffin tayoyi, da durom na mai, da katakon akwatunan kaya. Daga nan mai walda ke samun jarinsa: yakan fasa durom, ya bubbuge shi da guduma har ya miƙe, ya kankare tsatsa, ya fitar da akwatin tufafi, yakan kuma lanƙwasa ragowar rodi, wato ƙarfen gini, ya yi ƙashin kujera, a saƙa mazauninta da igiyar roba mai launi biyu ko uku.

Abin lura shi ne fenti. Tabon da Eek yake tallatawa, shi mai walda yake rufewa da kore ko shuɗi, saboda uban da ke haɗa wa ɗiyarsa kayan ɗaki ba zai so dangin ango su gane durom a ɗakin amarya ba. Mai saye ba ya tambayar tarihin ƙarfen. Zama yake yi a kujerar, ya jijjiga ta, ya duba bakin walda, sannan a shiga ciniki. Akwai masu bin tsakiya, kamar Hamed Ouattara na Wagadugu, wanda ke barin launin durom na asali a jikin kabad ɗinsa, amma kasuwarsa ta fi karkata ga ɗakunan baje kolin ƙasashen waje.

Ta fuskar sabon tunani, 'yan Holand sun cancanci yabo. Ta fuskar rage shara kuwa aikin mai walda ya fi tasiri, domin kujerar tsumma kaɗan ake yi, tsadarta kuma ta tsare ta a gidajen tarihi da na masu hali, alhali kujerar rodi, idan igiyarta ta tsinke, sake saƙa ta ake yi a ci gaba da zama.