Kada lagireto ya ruɗi mai sayen babur na hannu

A kasuwar manyan babura na hannu, irin masu buɗaɗɗen inji waɗanda ba a lulluɓe su da roba ba, akwai fahimtar da ta zauna daram a zukatan masu saye. Idan aka jera babura biyu 'yan gida ɗaya, ɗaya iska ce ke sanyaya injinsa, ɗayan kuma ruwa, sai a ɗauka mai lagireto shi ne na zamani, shi ne nagari, ɗan'uwansa kuwa an wuce zamaninsa. Ni ban yarda da wannan ba. Ga mutumin da zai sayi babur ɗin da ya haura shekara goma sha biyar a hanya, wanda kuma ba shi da dillalin kamfani a kusa da shi, ina ganin mai sanyaya da iska shi ne zaɓin hankali a mafi yawan lokuta.

Sai an fara sanin abin da ya sa kamfanoni suka koma ruwa kafin a gane haka. Injin iska bai gaza a hanya ba, doka ce ta matse shi. Tarayyar Turai ta riƙa tsaurara ƙa'idar hayaƙin babura mataki-mataki: Euro 3 daga 2006, Euro 4 daga 2016, Euro 5 daga 2020. Zafin injin iska yana hawa yana sauka gwargwadon gudu da yanayi, don haka dole a bar ɗan sarari tsakanin fistan da silinda saboda ƙarfe na buɗewa in ya yi zafi, kuma akan ba shi fetur da ɗan yawa domin ya taimaka wajen rage zafin. Duka biyun suna ƙara dattin da ke fita ta salansa. Injin ruwa kuwa tamostat ke riƙe zafinsa a mataki ɗaya, ruwan da ke zagaye silinda kuma yana danne ƙara. Wannan ya sa Triumph ta mayar da Bonneville mai ruwa a 2016, Honda kuma ta yi bankwana da CB1100 a 2021. Tsabtar iska manufa ce mai kyau, ina goyon bayanta. Amma dalilin da ya sa kamfani ya sauya ƙira daban ne da tambayar da ke gaban mai saye, wato wanne ne zai daɗe yana yi masa aiki ba tare da ya tsiyata shi ba.

Suzuki Bandit shi ne misalin da ya fi fito da batun fili. Bandit 1200, wanda ya bazu a kasuwa daga 1996, yana da inji mai silinda huɗu, cc 1157, wanda ya gada daga GSX-R1100. Iska da baƙin mai ke sanyaya shi, ta hanyar da Suzuki ta fara amfani da ita a GSX-R750 na 1985: ana feshin mai a wuraren da suka fi zafi a kan injin, sannan man ya bi ta na'urar sanyaya shi a gaba. A 2007 aka maye gurbinsa da Bandit 1250, cc 1255, mai ruwa, mai injekta a maimakon kafireto, mai giya shida a maimakon biyar. Duk da wannan sauyi, ƙarfin injinan biyu ya tsaya kusan ɗaya, dab da ƙarfin doki ɗari. Sabon ya fi ja tun daga ƙananan juyi, kuma ya fi nauyi. Da rauni ne ya kori tsohon, da an ga tazara babba a ƙarfi. Ducati ma, bayan ta fitar da Monster 821 da 1200 masu ruwa a 2014, ta dawo da Monster 797 mai iska a 2017, kamar yadda BMW ta ci gaba da sa injin iska da mai a R nineT bayan R1200GS ya koma ruwa a 2013. Kamfanonin da kansu ba su ɗauki injin iska a matsayin matacce ba.

Muhimmin abu a babur na hannu shi ne yadda sassansa ke tsufa. Ƙarfen inji tafiya ce ke cinye shi, amma roba shekaru ne ke kashe ta, ko da babur ɗin a ajiye yake a ɗaki. Abubuwan da tsarin ruwa ya ƙaro kusan duk irin waɗannan ne: tiyo da ke bushewa ya tsage, robar famfon ruwa da ke fara yoyo, tamostat da ke maƙalewa, fanka da wayoyinta, da lagireto da tsatsa ke toshewa daga ciki. Ruwan sanyaya injin ana so a sauya shi duk bayan kamar shekara biyu, amma mai saye ba shi da tabbacin cewa waɗanda suka riga shi hawa sun yi hakan, balle a inda aka saba ɗura ruwan famfo ko na rijiya. Ga shi kuma a irin wannan babur lagireto a fili yake, a bayan tayar gaba, yana karɓar tsakuwa da laka, faɗuwa ɗaya a gefe tana iya huda shi. In ruwa ya tsiyaye, tafiya ta ƙare a nan. Injin iska ba shi da mafi yawan waɗannan: abin da babu shi ba ya lalacewa.

Za a ce ai zafi ne babbar matsala, musamman ga wanda zai hau a Sakkwato ko Maiduguri a watan Afrilu, lokacin da ma'aunin zafi ke haura digiri 40. Wannan ƙorafi yana da gaskiya, amma a wuri ɗaya tak. Kan injin iska yana aiki ne a zafin da ya zarce digiri ɗari nesa, don haka tazarar da ke tsakaninsa da iskar waje tana nan da girma ko a tsakiyar bazara, kuma muddin babur na tafiya, iska na kwashe zafin. Bajaj Boxer da sauran ƙananan baburan haya da ke yini a rana a garuruwanmu duk iska ke sanyaya su. Inda injin iska ke wahala shi ne tsayuwa: babban inji a cikin cunkoso, ba motsi, ba fanka. A nan baƙin mai kan yi ruwa-ruwa, zafi ya hau ƙafafun mahayi. Wanda hanyarsa ta kullum cunkoso ce, shi kam ya nemi mai ruwa, ba ni da ja. Sai dai mafi yawan masu sayen irin wannan babur don buɗaɗɗiyar hanya suke saye.

Za a kuma ce mai iska ya fi neman kulawa. Haka ne. Bandit 1200 ana duba bawul ɗinsa duk kilomita 12,000, na 1250 kuwa sai 24,000, kuma kafireto huɗu suna bukatar wanki da daidaitawa. To amma a duba irin aikin. Bawul ɗin 1200 da sukuru da noti ake saita shi, aikin da duk ƙwararren bakanike ya saba da shi tun daga ƙananan babura. Na 1250 sai an ciro sandunan da ke danna bawul an sauya wasu ƙananan faifan ƙarfe masu kauri daban-daban, waɗanda ba a ko'ina ake samunsu ba. Gurɓataccen fetur in ya toshe kafireto, wankewa ake yi. In ya kashe famfon injekta, sai an sayi wani. Gara aiki mai yawa da za a iya yi a gida da aiki kaɗan da sai an jira kaya daga ƙetare. Da hanau gara mannau.

Ba ina cewa a sayi duk mai iskar da aka gani ba ne. Bandit 1250 inji ne mai juriya, kuma wanda aka kula da shi ya fi 1200 da aka wulaƙanta. Mai saye ya nemi a tayar masa da inji yana sanyi, ya duba ko shuɗin hayaƙi na fita, ya leƙa ko mai na tsattsafowa ta kan silinda. In mai ruwa ne, ya jira ya ga fanka ta tashi, ya duba ko baƙin mai ya yi fari kamar an zuba masa madara, alamar ruwa ya shiga inda bai kamata ba. Idan duka biyun suka ci wannan jarrabawa, to ya tambayi kansa wace hanya zai fi bi, kuma wa zai gyara masa. Amsar waɗannan tambayoyi biyu ita ya kamata ta yanke hukunci, kuma ga mafi yawan masu saye a nesa da dillali, za ta nuna musu mai iska.