Riƙo da Neman Asali a Littafin Shaihu Umar

Manazarta sun saba ɗaukar Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa (1934) a matsayin labarin bauta kurum. Amma ginshiƙinsa shi ne ɗa da uwa da aka raba, kowanne yana cigiyar ɗayan. An sace Umar yana ƙarami, Balaraben nan Abdulkarim ya riƙe shi a Ber Kufa, ya ilmantar da shi. Duk da haka begen mahaifiyarsa bai bar shi ya sakata ba, sai da ya iske ta a Tarabulus dab da ajalinta.

Riƙon da Bahaushe ya sani, ko a Jabo ta ƙasar Tambuwal ko a Zazzau, ba ya yanke asali. Goggo ko kawu ke ɗaukar yaro, ya tashi ya san gidan ubansa, shari'a kuma ta hana a sauya masa nasaba. Ba ya bukatar takarda, saɓanin Ingila, inda sai a 1975 doka ta ba ɗan riƙo damar ganin takardar haihuwarsa in ya girma. Riƙon Abdulkarim kuwa, fataucin bayi ne ya haife shi. A nan marubucin ya yi sassauci, domin ya nuna kirkin Balaraben, bai tuhume shi da komai ba.