Kwamfutar da madannanta ba sa dannuwa

Akwai wani ɗan akwati mai suna THEC64 Mini da kamfanin Retro Games na Ingila ya fito da shi a 2018, kuma har yau in na ga hotonsa sai raina ya sosu. Kwaikwayon Commodore 64 ne, tsohuwar kwamfutar gida ta 1982. An rage girmanta zuwa rabi, an zuba mata wasanni 64, an haɗo ta da sandar buga wasa da wayar jonawa a talabijin na zamani. Launin nan mai ruwan ƙasa-ƙasa yana nan, madannai sun jeru reras gwanin ban sha'awa. Sai ka kai yatsa ka danna, ka ji shiru. Ba sa dannuwa. Ado ne kawai. In kana son rubuta ko da harafi ɗaya da yatsunka, sai dai ka nemo wani kibod ɗin daban ka jona masa.

Kuma dattawan Turai masu furfura suka yi ta saye, suna ɗaukar hoto, suna cewa yarintarsu ta dawo. Wace yarintar? An sayar maka da keken ɗinki da ba ya ɗinki, an haɗo maka da riguna 64 ɗinkakku, kai kuma kana ta murna wai ka tuna lokacin da kake koyon tela.

Na san abin da za ku ce: to malam, meye na zafi, ai don wasa aka yi abin. Nan fa gizo ke saƙar. Waɗanda ke kewar kwamfutocin nan sun ɗauka wasannin suke kewa, kasuwa kuwa ta karɓi maganarsu hannu bibbiyu tana sayar musu da wasannin a kwali mai kyau. Ni kuwa na ce abin da ya sa Commodore 64 da ZX Spectrum da BBC Micro suka zama abin da suka zama yana kan madannan nan da aka mayar ado.

Ku tuna yadda abin yake. Ka jona Commodore 64 a talabijin ɗin falo, ka kunna, sai shuɗin allo ya bayyana, ya gaya maka kana da gurbin bayit 38911 da za ka yi rubutu a harshen BASIC, ya ce a shirye yake, sannan wani ɗan murabba'i ya tsaya yana ƙifta ido yana jiranka. Babu hoton da za ka taɓa, babu jerin zaɓi. Ko wasa kake son bugawa, dole ka rubuta umarnin ɗauko shi daga kaset da hannunka. Spectrum ma haka. Littafin da ke zuwa cikin kwalin koyar da rubuta manhaja yake yi, babi bayan babi. Wato yaron da ba shi da burin komai sai harbin jiragen sama, shi ma sai ya fara rubuta layi guda na umarni kafin ya yi harbin. Daga layi guda wani ya tafi layi biyu, ya sa sunansa ya cika allo yana gudu ba tsayawa, ya kira ƙaninsa ya zo ya gani. Daga nan wasu ba su ƙara dawowa ba.

Su kuwa wasannin da ake ta zubar wa hawaye, tsakani da Allah, yawancinsu ba su da wani daɗi. Na faɗa, ku jefe ni. Kafin ma ka kai ga wasan sai ka sha jira: kaset ne irin na waƙa, a rikoda irin ta gida, yana ƙara kamar ana yanka ƙarfe, gefen allon Spectrum yana ta walƙiya da layuka, wajen minti biyar kana zaune. Yana dab da gamawa sai ya ce an samu kuskure, ka mayar da kaset baya, ka rage murya ko ka ƙara, ka sake. Duk wanda ya taɓa naɗe zaren kaset da biro ya san irin haƙurin da ake bukata. In wasan ya buɗe kuma, Spectrum ba ta iya nuna launi fiye da biyu a kowane ɗan gurbi mai ɗigo takwas tsaye takwas kwance, don haka ɗan mutumin da kake tuƙawa in ya wuce gaban bishiya sai ya rikiɗe kore. Madannanta na roba ne masu laushi. Ga wahala ta rashin imani: ka yi kuskure ɗaya ka koma farko, domin babu wurin ajiye inda ka tsaya.

Misalin da na fi so shi ne Jet Set Willy na 1984. Matthew Smith ne ya rubuta shi, yaron da ya yi Manic Miner a 1983 yana ɗan shekara 17. Wasan ya fito da kurakurai da suka sa ba zai yiwu a kai ƙarshensa ba: in ka shiga wani ɗaki na can sama, wasu ɗakunan sai su lalace, kana shiga ka mutu. Kamfanin da ya fitar da shi, Software Projects, da farko sai ya ce ai da gangan ne, wai iskar guba ce ta cika ɗakunan. Da ƙarya ta ƙare, sai ya fitar da wasu 'yan lambobi da mai wasan zai rubuta da kansa ya gyara. Ku dubi wannan da kyau. Kamfani ya sayar da kaya mai matsala, wannan abin kunya ne, ban musa ba. Amma gyaran fa? An miƙa wa yara 'yan shekara 12 lambobi an ce su shiga cikin ƙwaƙwalwar na'urar su canza da hannunsu, kuma suka iya. Da irin waɗannan lambobin suke ƙara wa kansu rayuka marasa ƙarewa, mujallu suna buga su shafi-shafi. Yaron da ya fara da satar rayuka a wasa, ba a jima ba yake tambayar yadda aka yi wasan gaba ɗaya. Yanzu ku gaya mini ta ina zai rubuta lambobin a kan madannan da aka manne.

Mujallun ma haka suke. Sukan buga wasa sukutum a rubuce, layi ɗaruruwa, kai kuma ka zauna ka kwafe harafi bayan harafi. Ka kuskure waƙafi ɗaya, ya ƙi tashi, ka kwana kana nema. Wani lokaci ma kuskuren daga maɗaba'a yake. Neman kuskuren nan shi ne makarantar. A tsohuwar Yugoslabiya abin ya fi haka armashi: Voja Antonić ya tsara wata kwamfuta mai suna Galaksija a 1983, aka buga yadda ake haɗa ta a mujalla, mutane suka sayi kayan suka harhaɗa da kansu, sannan wani shirin rediyo a Belgrade mai suna Ventilator 202 ya riƙa watsa ƙarar manhaja ta iska, masu sauraro su ɗauka a kaset su loda. A Tarayyar Sobiyet kuwa kwaikwayon Spectrum aka riƙa ƙerawa iri-iri, har da masu suna Leningrad da Pentagon.

To ina yaran nan suka ƙare? Wannan ne gadon gaskiya, kuma ba ya shiga kwali. A birnin Dundee na Sikotland masana'antar Timex ce ta riƙa harhaɗa Spectrum, kuma a garin ne David Jones, wanda ya yi aiki a masana'antar, ya kafa DMA Design. Su suka yi Lemmings a 1991, suka yi Grand Theft Auto a 1997, kamfanin ya zama Rockstar North. Duk mai buga GTA a gidan gem yau, jikan Spectrum yake bugawa bai sani ba. Tim da Chris Stamper sun fara da wasannin Spectrum, daga baya kamfaninsu Rare ya yi Donkey Kong Country da GoldenEye 007. Richard da David Darling sun kafa Codemasters a 1986 suna sayar da kaset kan fam 1.99, kamfanin da EA ta saya a 2021 kan kusan dala biliyan 1.2. David Braben da Ian Bell suna ɗalibai a Jami'ar Cambridge suka rubuta Elite a 1984, suka cusa tarin taurari takwas, kowanne da duniyoyi 256, cikin BBC Micro mai ƙwaƙwalwar kilobayit 32. Wurin ajiye duniyoyin babu, sai suka sa lissafi ya riƙa haifo su duk lokacin da aka bukata. Hoto ɗaya a wayarka ya fi wasan nan nauyi nesa ba kusa ba. Markus Persson mai Minecraft a kan Commodore 128 ta mahaifinsa ya fara. Babu ko ɗaya cikinsu da ya zama abin da ya zama don ya iya riƙe sandar wasa.

Abin da ya ƙara taimakawa shi ne araha. Clive Sinclair, mai kamfanin Spectrum, ya sa mai kilobayit 48 a fam 175, ƙaramar kuma fam 125, kuɗin da ma'aikaci zai iya tarawa. Iyaye suka saya da sunan karatu, yara suka buga wasa, karatun kuma ya shigo ta bayan gida.

Mu nan galibinmu ba da waɗannan muka tashi ba, kada in ari kewar wasu in yafa. Namu tuna-bayan shi ne na'urar nan ta kwaikwayon Nintendo mai kaset ɗin da aka rubuta wasanni dubu ɗari tara da wani abu a jikinsa, ka duba ka tarar Mario ne da Contra da harbin agwagwa ake ta maimaitawa. Sai macijin Nokia 3310, sai layin jiran Winning Eleven a shagon unguwa, wanda aka ci ya biya. Mun ji daɗi, ba na raina shi. Amma duk cikinsu babu wanda ya taɓa buɗe mana allo ya ce rubuta wani abu. A rufe suka zo mana, mu namu dannawa. Shi ya sa abin ya fi yi mini ciwo in na ga waɗanda aka bai wa buɗaɗɗiya sun girma suna biyan kuɗi a sayar musu da rufaffiya. Wani abin haushin kuma, kamfanin Acorn da ya ƙera BBC Micro shi ne ya ƙirƙiro tsarin ARM a 1985, tsarin da ke cikin ƙwaƙwalwar kusan kowace Tecno da Infinix da Samsung da ke aljihunmu. Jikar BBC Micro tana hannun kowane yaro a Kano da Maraɗi, ta fi kakarta ƙarfi ninkin-ba-ninkin, amma in ka kunna ta TikTok take nuna maka.

Masu cewa yau kayan koyo sun fi yawa, ga Scratch ga Godot ga darussa kyauta a YouTube, gaskiyarsu. Masu cewa ko a 1984 ɗin yawancin yara wasa kawai suka buga suna kwafar kaset a rikoda mai baki biyu, su ma gaskiyarsu. Sai dai na yau sai ka san da shi ka je ka nemo, na jiya kuwa shi ke tare ka a bakin ƙofa ko ba ka so. Ba ni kaɗai na lura ba. Eben Upton da abokansa a Cambridge sun ga masu neman gurbin karatun kwamfuta suna raguwa, waɗanda ke zuwa ma ba su iya abin da na baya suka iya ba, shi ne suka fito da Raspberry Pi a 2012, har suka ari sunayen Model A da Model B daga BBC Micro. Braben na Elite yana cikin waɗanda suka kafa gidauniyar da ta fito da ita. Ga mutanen da suka yi kewa da hankali: ba su damu da launin roba ba, ɗan allo tsirara suka sayar mai araha wanda ba ya yin komai sai ka sa shi.

Zan sassauta a wuri biyu, ba don ina so ba. Na farko sauti. Guntun na'urar sauti ta Commodore 64, wadda ake kira SID, murya uku kacal gare ta, amma abin da makaɗa irin su Rob Hubbard da Martin Galway suka fitar daga cikinta har gobe yana sauraruwa, kuma wanda ya ce kiɗan yake kewa ba zan yi masa gardama ba. Na biyu, kamfanin nan da na fara da zaginsa ya fito da babbar THEC64 a 2019 mai madannai na gaske, ya kuma fito da kwaikwayon Spectrum a 2024 da madannan robarta masu aiki. Madalla. An ji kunya an gyara.

Amma ku je ku kalli bidiyoyin masu buɗe kwalin. Mutum zai shafa madannan, ya ce kai, daidai da na da, ya lumshe ido. Sai ya tsallake BASIC ɗin, ya shiga jerin wasanni, ya buga Manic Miner na minti uku, ya mutu a kogon farko kamar yadda ya saba mutuwa shekara arba'in da suka wuce, ya kashe, ya ɗora a kanta kusa da sauran. Hausawa sun ce kowa ya tuna bara bai ji daɗin bana ba. Wannan bawan Allah ko baran ma bai tuna daidai ba, ga kuma jikansa a gefe yana kallonsa, ko sau ɗaya bai ce masa zo ka rubuta sunanka ka gani ba.