Rut Ba Zaune Ta Yi Ba

'Yan uwana mata, akwai wani karatu da ake yi wa Littafin Rut a tarukan zumuntar mata, daga ƙauyukan Kiru da Bebeji har zuwa Tudun Wada da Doguwa, wanda ni kam bai kwanta mini ba. Da zarar an buɗe shi sai a ce mana ga misalin suruka mai ladabi, ta yi haƙuri, ta dogara ga Allah, sai ga miji mai arziki ya faɗo mata. To wai haka littafin ya ce?

Sura huɗu ne kacal, aya 85, kafin tuwo ya nuna kin gama shi. Kuma tun 1932 yake cikin harshenmu, lokacin da aka buga Littafi Mai Tsarki cikakke da Hausa, aikin da Likita Mila na Wusasa ya ja gaba. Ki karanta da kanki.

Za ki tarar Rut gwauruwa ce, baƙuwa daga Mowab, ba gona ba gado. Da suka isa Baitalami ita ce ta ce wa uwar mijinta Na'omi za ta tafi kala. Shari'ar Musa ta hana mai gona share hatsinsa ƙaƙaf, ta ce a bar wa matalauci da baƙo da gwauruwa. Wannan haƙƙin Rut ta bi, tun safe har yamma a sunkuye, ta sussuke sha'ir kusan cikin garwa ta ɗauko. Duk wadda ta taɓa bin bayan masu girbin masara a Doguwa ta san abin da ƙugu yake ji.

Ita kuwa Na'omi, masu wa'azi tsallake ta suke yi. Matar nan ta binne miji da 'ya'ya maza biyu, ta dawo gida tana faɗa a bainar jama'a cewa Allah ne ya ɗora mata baƙin ciki, har ta ce a canja mata suna zuwa Mara, wato ɗaci. Littafin bai tsawata mata ba ko da kalma ɗaya. Mu fa? Gwauruwa ta yi kuka a majami'a sai mu ce bangaskiyarta ce ta yi rauni. Haka Orfa, ɗaya surukar, da ta koma gidan iyayenta, ba inda aka zage ta.

Abin da ya fi ba ni haushi shi ne a tara mu a yi ta yabon Rut, a manta da Bo'aza, wanda ya umarci ma'aikatansa kada su taɓa ta, su ma riƙa zare mata zangarniya da gangan. Wannan sura ta biyu ga dangin miji ya kamata a karanta ta, musamman masu zuwa auna gonar mamaci tun matarsa ba ta daina karɓar gaisuwa ba.