Baƙunci a Labarin Dorugu

Masu nazarin rubutun zube sukan ɗauki labarin Dorugu, wanda J. F. Schön ya buga cikin littafin Magana Hausa a 1885, a matsayin taskar tsohuwar Hausa kurum. A ganinmu an rage masa daraja. Dorugu mutumin ƙasar Damagaram ne da aka bautar tun yana yaro. Barth ya tafi da shi Ingila a 1855, ya zauna wurin Schön yana taya shi aikin harshe. Ke nan zamansa ya bambanta da na Abubakar Imam mai Tafiya Mabuɗin Ilmi (1944), wanda aka gayyata aka zaga da shi. Dorugu daga cikin gida ya kalli Turawa, har yadda suke zaman cin abinci.

Sai dai akwai abin lura. Mutumin da yake ba labarin shi ne mai masaukinsa, kuma alƙalamin a hannunsa yake. Da wuya yaro baƙo ya faɗa wa mai ciyar da shi duk abin da ya ƙi jini a gidansa. Saboda haka wuraren da Dorugu ya bayyana al'adar Turawa ya wuce ba tare da sharhi ba suna bukatar nazari na musamman.